Yadda Ake Saita Na'urorin Sadarwa Su Riƙa Kai Rahoto Tashar Sa Ido Da Kansu

Akwai wani babban suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin gini da juna, da na taɓa kula da shi, mai akwatin wuta biyu: ɗaya na aiki, ɗaya na zaman ko-ta-kwana. Wata rana na farkon ya ƙone, na biyun ya ɗauki nauyi, babu wanda ya ji balle ya gani. Makonni suka shuɗe. Ranar da na biyun ya bi sahun ɗan'uwansa sai gini guda ya yanke daga intanet. Da muka buɗe kundin suwic ɗin, ashe tun daren da abin ya faru ya sanar. Shi yana aikawa, tashar sa idonmu, wato kwamfutar da ke karɓar rahoton na'urori, tana zubarwa, saboda wata lamba guda da ba ta dace ba a saitinmu. Allon sa ido kuwa kore shar.

Tun daga ranar na daina ɗaukar shirun tasha a matsayin lafiya. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su: kowane saiti ka yi, sai ka ga saƙon ya iso da idonka kafin ka wuce gaba.

Abin da ke tafiya a cikin waya

Yarjejeniyar da ake amfani da ita sunanta SNMP, kuma tun 1988 take aiki. Tana da fuska biyu. A ta farko, tashar sa ido ce ke zagayawa tana tambayar kowace na'ura lafiyarta ta ƙofar UDP (wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori) mai lamba 161, galibi duk bayan 'yan mintuna. A ta biyu, na'urar ce ke magana ba tare da an tambaye ta ba, ta ƙofa mai lamba 162, a daidai lokacin da wani abu ya faru. Ta biyun ce aikinmu a nan.

Saƙon da na'ura ke aikawa da kanta iri biyu ne. Wanda ake rubutawa `trap` a cikin umarni zan kira shi kururuwa, domin haka yake: na'ura ta ƙwala sau ɗaya ta ci gaba da harkarta, ko an ji ko ba a ji ba. UDP ba ya tabbatar da isar saƙo, don haka idan hanya ta cushe ko tasha na sake tashi a daidai wannan daƙiƙa, labarin ya tafi ke nan. Wanda ake rubutawa `inform` kuwa zan kira shi aike, domin yana jiran a amsa masa cewa an karɓa, in bai ji ba ya sake komawa. Aike ya fi aminci, amma yana cin ƙwaƙwalwar na'ura saboda dole ta riƙe saƙon har amsa ta zo, kuma saitinsa ya fi wuya. Babu shi a sigar farko ta SNMP, daga ta biyu ya fara.

Game da siga: v1 da v2c suna tsare kansu ne da wata kalma guda da ake cewa `community`, wadda ke tafiya tsirara a cikin waya, duk mai leƙen fakiti zai karanta ta. Siga ta 3, wadda aka kammala ƙa'idojinta a 2002, ita ce ta zo da sunan mai amfani, da tantancewa, da rufa abin da ke cikin saƙo. Shawarata: ka yi gwajin farko da v2c don sauƙinta, ka zauna a kan v3.

Mataki na farko: ka fara daga mai karɓa

Yawancin mutane daga rauta, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanyar da zai bi, suke farawa, sai su zauna suna jiran saƙo ba su san ko akwai mai saurare ba. Ni daga tasha nake farawa. Zan yi misali da sabar Linux mai manhajar Net-SNMP, wadda ɓangarenta mai sauraron ƙofa ta 162 shi ne `snmptrapd`. Manhajoji irin su Zabbix da LibreNMS ma a kansa suke dogara wajen karɓar kururuwa, don haka ko su kake amfani da su, wannan matakin naka ne.

Buɗe `/etc/snmp/snmptrapd.conf` ka saka layi ɗaya na gwaji:

```
authCommunity log,execute gwaji123
```

Tun daga siga ta 5.3, `snmptrapd` ba ya karɓar saƙon da ba a ba shi izini ba, kuma ba ya ihu idan ya zubar. Za ka ci karo da masu cewa ka saka `disableAuthorization yes` ka huta. Zai yi aiki, amma ka buɗe ƙofa ke nan ga duk wanda ya san adireshin tasharka ya cika ta da labarin ƙarya.

Tsayar da manhajar da ke gudana a bayan fage, ka tashe ta a gabanka yadda za ta riƙa zuba abin da ta karɓa a allo:

```
systemctl stop snmptrapd
snmptrapd -f -Lo -On
```

Sai ka buɗe wata tagar ka aika wa kanka kururuwar ƙarya, wai mahaɗa (inda ake jona waya a jikin na'ura) mai lamba 2 ta faɗi:

```
snmptrap -v 2c -c gwaji123 127.0.0.1 '' 1.3.6.1.6.3.1.1.5.3 1.3.6.1.2.1.2.2.1.1.2 i 2
```

Idan layi ya faɗo a tagar farko ɗauke da waɗannan dogayen lambobi, mai karɓa na raye. Idan bai faɗo ba, kada ka taɓa rauta tukuna, matsalar na nan gabanka.

Mataki na biyu: hanya

Wannan gajere ne. Buɗe UDP 162 a katangar tsaron sabar da duk wata katanga da ke tsakani, amma ga adireshin na'urorinka kawai. Maimaita umarnin `snmptrap` daga wata kwamfuta da ke ɓangaren da na'urorin suke, ka sauya 127.0.0.1 da adireshin tasha. A misalan nan tasha ita ce 192.0.2.10, cikin adireshin da aka keɓe don rubuce-rubucen koyarwa, kai ka saka naka.

Mataki na uku: agogo, adireshin fita da lambobin mahaɗai

Yanzu mu hau na'ura. Umarnin da zan kawo na Cisco IOS ne, domin shi aka fi cin karo da shi. A Juniper abin na ƙarƙashin `set snmp trap-group`, a MikroTik kuma `/snmp set trap-target`. Kalmomi ne suka bambanta, tunanin ɗaya ne.

Kafin SNMP, gyara abubuwa uku:

```
ntp server 192.0.2.5
service timestamps log datetime msec show-timezone
snmp-server trap-source Loopback0
snmp-server ifindex persist
```

Agogo a fili yake. Ranar da na'urori goma suka kai rahoto cikin minti ɗaya, abin da kake nema shi ne wace ce ta fara faɗuwa, kuma agogon da ya saɓa da daƙiƙa talatin zai sa ka kama mara laifi.

Layi na uku ya fi muhimmanci fiye da yadda yake kama. Rauta na da mahaɗai da yawa, kowace da adireshinta, kuma in ba ka zaɓa mata ba, za ta sa wa saƙo adireshin mahaɗar da ya fita ta cikinta. Yau ya fita ta nan, gobe hanya ta sauya ya fita ta can, tasha ta ga baƙon adireshi ta kasa gane mai magana. Abin haushin shi ne hanya kan sauya ne daidai lokacin da aka samu matsala. Mahaɗar `Loopback` ba ta da waya, ba ta faɗuwa, shi ya sa ake ɗaure saƙo da ita. Ka dai tabbata tasha na da hanyar kaiwa ga wannan adireshin. Ka kuma lura cewa kururuwar v1 na ɗauke da adireshin mai aikawa a cikinta, amma ta v2c da v3 ba ta da wannan gurbin, don haka idan akwai NAT, mai sauya adireshin saƙo a hanya, a tsakani, na'urori da yawa za su iso da fuska ɗaya.

Layi na huɗu yana hana lambobin mahaɗai canzawa bayan na'ura ta sake tashi. Kururuwa da lamba take ambaton mahaɗa. In lambar ta zame, tasha za ta ce maka waya kaza ta faɗi alhali wata ce daban. A wasu sababbin sigogi umarnin ya koma `snmp ifmib ifindex persist`.

Mataki na huɗu: gaya wa na'ura inda za ta kai rahoto

```
snmp-server group TASHA v3 priv
snmp-server user mairahoto TASHA v3 auth sha KalmarFarko2 priv aes 128 KalmaTaBiyu7
snmp-server host 192.0.2.10 version 3 priv mairahoto
```

Kalmar `priv` na nufin a tantance kuma a rufe. Kalmomin sirrin biyu ne, ɗaya ta tantancewa ɗaya ta rufewa, kowace kada ta gaza harafi 8, kuma kada ka maimaita guda. MD5 na tantancewa da DES na rufewa sun tsufa, ka bar su. In na'urarka da tasharka duka sun san SHA-256, ɗauke shi. Kada gabanka ya faɗi idan ka duba `show running-config` ba ka ga layin mai amfani ba, haka IOS ke yi da gangan. Da `show snmp user` ake ganinsa. Idan kuma mahaɗar gudanarwa na cikin VRF, wato keɓaɓɓen teburin hanyoyi a cikin na'ura, dole ka ambaci sunansa a layin `host`, in ba haka ba na'ura za ta nemi tasha a teburin hanyoyin da ba ta ciki.

Yanzu ga lambar da ta ci mu a labarin farko. Kowace na'ura mai v3 na da lambar shaida da ake kira `engineID`, kuma makullin sirri ana haɗa shi ne daga kalmar sirri da wannan lamba. Ma'ana, kalmar sirri iri ɗaya a na'urori biyu makullai biyu take haifarwa. A kururuwa, lambar mai aikawa ce ke aiki, don haka dole tasha ta san lambar kowace na'ura. Duba ta:

```
show snmp engineID
```

Za ka ga abu mai kama da 800000090300AABBCC000100. Wannan 9 ɗin da ke kusa da farko lambar kamfanin Cisco ce a rajistar IANA, hukumar da ke raba irin waɗannan lambobi, ƙarshen kuma daga adireshin MAC, lambar da ƙarfen na'ura ke zuwa da ita, aka ɗauko. Koma tasha ka rubuta a `/etc/snmp/snmptrapd.conf`:

```
createUser -e 0x800000090300AABBCC000100 mairahoto SHA KalmarFarko2 AES KalmaTaBiyu7
authUser log,execute mairahoto priv
```

Layin `createUser` ɗaya ga kowace na'ura. Mu abin da ya same mu shi ne an taɓa sauya suwic ɗin da sabo, aka kwafe saitin tsohon tsaf, aka manta cewa sabon ƙarfe sabuwar lamba yake zuwa da ita. Saboda haka ka sa wannan a cikin takardar sauya na'ura, kusa da layin da ke cewa a ɗaura wayoyi. Haka nan idan ka sauya `engineID` da hannu, masu amfani da ka ƙirƙira a baya sun mutu, sai ka sake ƙirƙirar su.

A aike abin juyewa yake: lambar mai karɓa ce ke aiki. Tasha ba ta buƙatar `-e` ga kowace na'ura, na'urar ce za a gaya wa lambar tasha da `snmp-server engineID remote`, a ƙirƙiri mai amfani da kalmar `remote`, a ƙara `informs` a layin `host`. Ga mai na'urori ɗari biyu wannan sauƙi ne babba, domin lamba ɗaya ce za ta zagaya ko'ina. Ni manyan rautoci da suwic na tsakiya aike nake ba su, ƙananan na gefe kururuwa ta ishe su.

Akwai wani tarko kuma. v3 na ƙirga sau nawa na'ura ta tashi da daƙiƙun da ta yi a raye, tana ƙin duk saƙon da ya kauce da fiye da daƙiƙa 150. Wannan ƙirgen ba ruwansa da NTP mai saita agogo. Idan an goge na'ura ƙirgenta ya koma baya alhali lambar shaidarta na nan, tasha za ta ɗauka tsohon saƙo ake maimaita mata. Sake tayar da `snmptrapd` yakan warware shi.

Mataki na biyar: me za a aika, me za a bari

Nan ne ake gane wanda ya taɓa kwana da wayar aiki a gefen matashi. Idan ka rubuta `snmp-server enable traps` kawai ba ka ƙara komai ba, ka kunna kowane irin rahoto da na'urar ta sani. Cikin mako guda masu aikin dare za su koyi yin kunnen uwar shegu da ƙararrawa, kuma ranar da ta gaskiya ta kaɗa, ita ma haka za a yi mata. Tambayar da nake yi wa kowane rahoto ita ce: idan ya iso, akwai abin da mutum zai tashi ya yi? Wannan ne abin da nake farawa da shi:

```
snmp-server enable traps snmp linkdown linkup coldstart warmstart authentication
snmp-server enable traps envmon
snmp-server enable traps config
snmp-server enable traps bgp
snmp-server enable traps ospf state-change
snmp-server enable traps cpu threshold
process cpu threshold type total rising 85 interval 60 falling 60 interval 60
```

Layin farko ya ƙunshi rahotannin da kowace na'ura ta sani: faɗuwar mahaɗa da dawowarta, sake tashin na'ura, da ƙoƙarin shiga da kalmar da ba daidai ba. `envmon` shi ne na zafi, fanka da akwatin wuta, kuma shi ne wanda ba na yarda a bari. `config` na gaya maka an taɓa saiti, abin da yakan amsa tambayar "me ya canja jiya da dare?" tun kafin a yi ta. `bgp` da `ospf` kuwa na rabuwar rauta da maƙwabciyarta ne. A layin ƙarshe, na nauyin aikin da ke kan na'ura, ka lura da tazarar da ke tsakanin 85 da 60. Da a ce lamba ɗaya ce ta hawa da ta sauka, na'urar da ke rawa a bakin iyaka za ta yi ta kunnawa tana kashewa.

Babban mai surutu shi ne faɗuwar mahaɗa. Suwic mai ƙofa 48 da kwamfutocin ma'aikata ke jone da shi zai kai rahoto duk lokacin da wani ya kashe kwamfutarsa zai tafi gida. Rufe bakinsu:

```
interface range GigabitEthernet1/0/1 - 46
 no snmp trap link-status
```

Ka bar na wayoyin da ke haɗa suwic da suwic, da na sabobi, da na hanyar fita waje.

Mataki na shida: fassara lambobi

Kururuwa lambobi ce zalla. Kundin da ke mayar da su sunaye shi ake kira MIB, kuma kowane kamfani da nasa. Sauke na na'urorinka ka zuba a `/usr/share/snmp/mibs`. A Debian da Ubuntu har na gama-gari ba sa zuwa da manhajar saboda batun lasisi, sai ka girka `snmp-mibs-downloader` ka kuma kashe layin `mibs :` da ke cikin `/etc/snmp/snmp.conf`. Gwada da `snmptranslate 1.3.6.1.6.3.1.1.5.3`, ya kamata ya amsa da `IF-MIB::linkDown`. Daga nan layin `traphandle` na cikin `snmptrapd.conf` ne ke miƙa saƙo ga SNMPTT, manhajar fassara kururuwa, ko manhajar sa idonka, wadda za ta yanke wanda zai tafi imel, wanda zai buga waya, da wanda za a ajiye kawai. Ka koya mata haɗa faɗuwa da dawowa, yadda `linkUp` zai rufe ƙarar da `linkDown` ya buɗe.

Mataki na bakwai: syslog a gefe

Ba kowane abu ke da kururuwa ba, don haka ana haɗawa da syslog, mai aika layukan kundin na'ura da rubutun da mutum zai iya karantawa, ta UDP 514, ko TCP 6514 idan da TLS mai rufa saƙo.

```
logging host 192.0.2.10
logging source-interface Loopback0
logging trap notifications
```

Matakan tsanani takwas ne, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na bincike, kuma duk matakin da ka zaɓa yana tafiya da waɗanda suka fi shi tsanani. Da yawa kan tsaya a `warnings`, wato 4, don rage surutu. Ni ban yarda da haka ba. Dubi lambar da ke tsakiyar waɗannan: `%OSPF-5-ADJCHG`, `%BGP-5-ADJCHANGE`, `%SYS-5-CONFIG_I`. Duka 5 ne. Wanda ya tsaya a 4 ba zai ga rabuwar rauta da maƙwabciyarta ba, ba kuma zai ga wanda ya taɓa saiti ba.

Mataki na takwas: gwaji, da bin sawu idan shiru

Gani ya kori ji. Ƙirƙiri mahaɗar wasa ka kashe ta ka kunna:

```
interface Loopback99
 shutdown
 no shutdown
```

A tasha kuma ka bar wannan na gudana:

```
tcpdump -ni any udp port 162
```

Abu uku ne ke iya faruwa. Idan `tcpdump` bai ga komai ba, saƙon bai iso ba: duba `show snmp` ka ga ko ƙirgen abin da aka aika na hawa, in yana hawa laifin na hanya ne, ko katanga, ko VRF. Idan `tcpdump` ya gani amma `snmptrapd` shiru, ka tuna `tcpdump` na ganin fakiti tun kafin katangar sabar ta yanke masa hukunci, don haka ita za ka fara dubawa, sannan `engineID`, sannan kalmomin sirri da nau'in rufewa. Idan `snmptrapd` ya rubuta amma waya ba ta yi ƙara ba, matsalar na tsakanin `traphandle` da manhajar sa ido, sau da yawa adireshin da saƙo ya zo da shi ne bai dace da wanda aka yi wa na'urar rajista da shi ba. A kan na'ura `debug snmp packets` na nuna fitar saƙo, amma ka kashe shi da `undebug all` da zarar ka gama. In akwai lokacin gyara da aka amince, zare wayar akwatin wuta ɗaya na rabin minti ka ga ko `envmon` zai yi magana. Kammala da goge `Loopback99` da layin `gwaji123`, ka mayar da `snmptrapd` bayan fage, ka adana saiti.

Saura abu ɗaya. Na'urar da wuta ta ɗauke mata gaba ɗaya, ko wadda hanyarta ɗaya tilo ta yanke, ba za ta iya ba da labarin mutuwarta ba, don haka zagayen tambaya ta ƙofa ta 161 na nan daram. Ita ma hanyar rahoton tana iya mutuwa shiru, kamar yadda tamu ta yi. Maganin da nake yi shi ne in sa kowace babbar na'ura ta riƙa cewa "ina nan" duk awa:

```
snmp-server enable traps event-manager
event manager applet INA-NAN
 event timer watchdog time 3600
 action 1.0 snmp-trap strdata "ina nan"
```

A tasha sai ka juya ƙa'idar: wannan saƙon ba ya tada kowa idan ya zo, rashin zuwansa ne ke kaɗa ƙararrawa. Ba shi awa biyu da 'yan mintuna, yadda ɓatan fakiti ɗaya ba zai tashe ka daga barci ba. Idan kana da tasha ta biyu a wani ginin, ƙara mata nata layin `snmp-server host`, ka kuma kwafe mata layukan `createUser` ɗin duka.